Barandar Yaya Hamidu a New Bell

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Hamidu magini. Har yau in na tuna shi, dariya ke riga hawaye zuwa.

Zamanin Faransawa, ina amarya a gidan da ke kallon nasa, wani injiniya Bafaranshe ya shigo unguwarmu ta New Bell da igiya da turaku, zai miƙe titinmu. Igiyar ta ratsa tsakiyar barandar Yaya, mai ginshiƙai shida da ya zuba da hannunsa. Aka ce a rushe kafin sati ya zagayo. Ni har na fara kuka.

Yaya bai yi gardama ba. Ya hango hadari ya haɗo daga teku, sai ya sa aka kawo kujera da shayi, ya yi ta jan Baturen da hira da Faransancinsa na kasuwa. Can ruwa ya kece. Masu tallar yadi, 'yan dako, har ma'aikatan Baturen, kowa ya rugo ƙarƙashin barandar, ta cika maƙil.

"Mushe," in ji Yaya, wato yallaɓai a Faransancinsa, "in ka rushe, gidanka waɗannan za su je su fake?"

Baturen ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya matsar da igiyar taku uku, ya ce duk mai gini a layin ya fitar da baranda daidai da wannan. Yaya ne ya gina yawancinsu.

Kwanakin baya jikokinsa suka zo mini da batun rushe barandar su tada bene. Na ce, "Ku tada abinku ta baya. Fuskar gidan nan ba taku ba ce ku kaɗai." Dattawan unguwa suka goya mini baya, yaran suka haƙura, da kansu suka shafe ginshiƙan da farar ƙasa.

Da Yaya zai leƙo yau, na san sai ya yi wa benayen unguwar Akwa tsaki, ya tambayi wanda ya toshe mana magudana. Sannan ya zauna ya kalli telolin da ke ɗinki a inuwarsa, da mata masu dawowa daga kasuwar Marché Congo suna sauke kaya su huta.

Cikinsu ba wanda ya san sunansa. Sai dai ka ji suna cewa, "Allah ya jiƙan wanda ya gina nan." Ni kuma daga ƙofata in ce amin.