Fiffiken mazari a gonar kuɓewa

Shekarun baya, bayan na ajiye aiki na dawo Yola da zama, sai na tsiri ɗaukar hoton mazari. Ba irin wanda za ka hango shi can kan ciyawa ba. Irin wanda ake kusantarsa har idonsa ɗaya ya cika hoton. Na ga ana yi a Holan da Malesiya, na sayo kyamara da gilashin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma, na ce ai mazarinmu na Binuwai ba baya ba ne.

Aikin yana da ƙa'ida. Da rana mazari ba ya tsayawa, sai da sassafe, in raɓa ta jiƙa masa fiffike, yake lafewa a kan kara. Kuma da zarar hannu ya ɗan motsa, hoto ya lalace, don haka dole a kafa kyamarar a kan ƙarfe mai ƙafa uku. Na samu wata gonar kuɓewa a bakin kogi wajen Vinikilang, na riƙa zuwa bayan sallar asuba. In kafa, in duƙa in leƙa, in matsa gaba. Inda na ga suna yawan sauka kuwa, sai in soke ɗan icce don in gane wurin gobe.

A rana ta biyar na ɗago kai na ga wata dattijuwa tsaye da fartanya a kafaɗa.

"Ina kwana, Mama?"

"Lafiya, Alhaji. Kun gama awon ne?"

"Awon me?"

"Gonana. Kwana biyar kana auna shi, har ka sa turaku. Ni dai a faɗa mini ranar, in cire kuɓewana."

Ashe gonar mijinta ce ya bar mata. Shekaranjiya wani dillali ya same ta, ya ce gwamnati ta turo injiniya, gara ta sayar kafin a karɓe a banza. Ta yi masa alkawarin sa hannu a takarda ranar Lahadi in ta taso daga coci.

Na yi murmushi irin na wanda yake da hujja a aljihu. Na kunna kyamara na nuna mata hoton da na fi alfahari da shi, fiffike guda, kowace jijiya ta fito raɗau. Ta daɗe tana kallo.

"To ga shi," in ji ta. "Har kun yanka fulotai. Wannan babban layin titi ne ko?"

Na sake duban hotona. Wallahi matar ta yi gaskiya, ba shi da maraba da taswirar sabuwar unguwa.

Na yi bayani da Hausa, na juya Fulatanci, har Turanci na gwada. Ta ce, "Alhaji, ko da wane yare aka ƙwace gona, ƙwace ne."

Sai na daina surutu. Na nemo wani jan mazari a kan karan kuɓewa, na saita kyamara, na ce ta leƙa da kanta.

"Idona ba kyau."

"Don masu irin idonmu aka yi gilashin, Mama."

Ta duƙa. "Ga fulotan nan."

"To miƙa hannu ki taɓa karan."

Ta taɓa. Mazari ya tashi da fulotansa duka. Ta bi shi da kallo har ya ƙetare kunya uku, sannan ta zauna a ƙasa tana dariya.

"Da furfurarka ƙwaro kake bi? Ba ka da jikoki ne?"

"Ina da su, sun fi shi wuyar tsayawa."

Da hannuna na tuge turakun nan. Ranar Lahadi na je na zauna a ƙofar gidanta da kyamarata. Dillalin ya zo, ya gan ni, ya gaishe mu a tsaitsaye, ya ce ya tuna wani uzuri. Ba ta sa hannu ba.

Abin da har yau yake ba ni kunya shi ne, a ƙasashen mutane ban taɓa taka gonar wani ba sai na ƙwanƙwasa ƙofa na nemi izini. Da na dawo gida sai na ɗauka bakin kogi na kowa ne. Tun daga ranar, kafin in kafa ƙarfena sai na nemi mai wuri, na gaishe shi, na gaya masa ƙwaro nake bi. Yawanci dariya suke yi mini. Gara hakan da a sayar da gona saboda ni.