Kayan Jirgin Yaya

Duk wanda zai hau jirgin sama a unguwarmu, sai ya fara hawa matakala arba'in da shida zuwa wurin Yaya. Na san adadinsu don ni nake hawa da cefane, ina haki ina tsine wa wanda ya gina benen. Tana can hawa na ƙarshe, ɗaki biyu da bayi da ɗan kicin da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Tela ce. Ba wanda yake kiran ta da wani suna sai Mai Kayan Jirgi, ita kuwa ko ƙofar jirgi ba ta taɓa leƙawa ba.

Ni ce ƙanwarta. Har yau Auta take ce mini, ga furfura ta cika mini kai.

Da can shagonta a kan titin filin jirgi yake. Wata rana wata ma'aikaciyar jirgi ta kawo siket a rage mata, ta zauna jira, Yaya kuwa ta yi ta tatsar ta da tambayoyi har aka gama ɗinkin. Daga nan abin ya shige ta. Duk wanda ta yi wa ɗinki ya yi tafiya, in ya dawo sai ta titsiye shi. Ƙafarka ta kumbura? Ina sanyin ya fi kama ka? Da ka shiga bayin, gindin rigar ya taɓa ƙasa? Mutum ya dawo da gajiya da tsaraba, ita abin da ya dame ta ke nan. A haka ta haɗa iliminta, daga bakin mutane.

Wata rana ina zaune wata mata ta shigo da yadi mai duwatsu yana ta walƙiya, ta ce da shi za ta je ganin ɗanta.

Yaya ta shafa yadin ta ce, "'Yar'uwa, zaman awa bakwai za ki yi a kujerar da ba ta kai faɗin wannan teburin ba. Duwatsun nan sai sun zana miki taswira a baya. Kafin ma ki zauna, ƙofar binciken nan za ta yi ta ihu a kanki, a ja ki gefe ana laluben ki, jama'a na kallo."

Matar ta ce, "To a tsumma kike so ɗana ya gan ni?"

"Ki sa wannan a akwati, ki yi masa ado a gida. Na hanya auduga zan yi miki, mai duhu, don in mai shayi ta yi tuntuɓe ba wanda zai sani. Ƙugu na roba. Ba zif, ba maɓallin ƙarfe, ko fil ɗaya kar ki maƙala. Takalmi kuma ki ƙara lamba ɗaya, ƙafa girma take yi a sama."

Ƙarfe shi ne babban abokin gabarta. Kafin ta miƙa wa mutum kaya sai ta bi su da mayen ƙarfe daga wuya har ƙasa, ko an manta allura a ciki. Kowace riga kuma tana da aljihu ta ciki, gefen hagu, daidai girman fasfo. Shekara da shekaru ba wanda ya dawo ya ce mata ƙofa ta yi ƙara a kansa, kuma da wannan take taƙama fiye da komai.

Mijinta, Baban Tilo, direban bas ne, mutum mai surutu da dariya. Shekara tara ke nan ya sunkuya zai ɗaura takalmi da safe, ya kife. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Maza huɗu suka hau da shi benen a kan kujera daga asibiti. Yaya ta rufe shago, ta sa aka hau da keken ɗinki falo, ta ajiye shi jikin taga. Tagar tana da ƙarafa, kuma ta tsakaninsu ake ganin jirage suna sauka, kusa sosai har kana karanta rubutun jikinsu. In yana son ta, sai ya ƙwanƙwasa ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya. Ko tana tsakiyar layin ɗinki ne, keken tsayawa yake yi.

Tun daga lokacin ba ta kwana a wani wuri ba. Bikin 'yata ta fari, awa ɗaya ta yi ta koma. Na yi fushi, na daina fushi, na sake yi.

Tilo ita ce 'yarsu ɗaya tal. Karatu ya kai ta wata ƙasa mai sanyi, aiki ya riƙe ta, aure ya ƙarasa. A shekarar da ta tafi Yaya ta ɗinka wa kanta kayan jirgi: doguwar riga da wando shuɗi mai duhu, da 'yar rigar sanyi ruwan toka. Ta sa su a leda ta rataye a bayan ƙofa. Kowace shekara sai ta sauke su ta gwada, ta ga sun yi mata yawa don ramewa take yi, ta rage su, ta sa ni in ɗauke ta hoto a tura wa Tilo. Hoto bakwai, duk a tsaye jikin tagar nan.

Ina ce mata, "Yaya, kayan nan sun fi ki son tafiya."

Sai ta ce, "Ke dai riƙe wayar da kyau, kin yanke mini ƙafa."

Sai ga Tilo da ciki na fari. Ta kira tana kuka, ina zaune ina ji. "Mama, ki zo. Ba na so in haihu ba nawa ko ɗaya a kusa. Sati uku kawai nake roƙo." Yaya ta kalli ƙofar ɗaki, ta kalle ni. Kafin ta buɗe baki na fizge wayar na ce wa Tilo ta fara neman takardu, ni zan ɗauki hutu a kantin maganin da nake aiki in zauna da babanta.

Wata guda Yaya ta yi tana horar da ni kamar sabon soja. Yadda ake juya shi duk bayan awa biyu, yadda ake tura filo a bayansa, wace ƙwanƙwasa ce ta ƙishi, wace ce ta bayi. Sai batun cokali. Wani ɗan ƙaramin cokalin shayi ne da ta lanƙwasa wuyansa da filaya don ya shiga ta gefen bakin da yake motsi. Da shi kaɗai yake karɓar abinci. Ya taɓa ɓata, ya kwana biyu yana datse haƙora, sai da aka gano shi a ƙarƙashin katifa. Tun daga ranar, tana gama ba shi abinci take goge cokalin ta jefa a aljihun duk rigar da take jikinta. Ta bar ni na ba shi da hannuna sau da yawa, kuma yana ci lafiya lau.

Ranar tafiya ta tashi da sassafe, ta sa kayan. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Sun zauna mata ɗas. Na ce ta zauna ni zan ba shi na safe, ta ce a'a, wannan na bankwana ne, ta ɗaura tsohon zane a kan rigar ta shiga. Da ta gama, Baban Tilo ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya yi mata alamar tafi, har sau biyu. Ina tsaye na gani da idona. Maƙwabciyarmu, tsohuwar nas ce, ta zo ta zauna da shi kafin in dawo daga rakiya.

A filin jirgi sai ka ce mai duba makarantu ce ta zo. Tana zungurina da gwiwar hannu. "Dubi wancan da bel, yanzu zai riƙe wando da hannu. Kai, wannan takalmin mai tsini, Allah ya jiƙan ƙafarta." Na yi dariya har mutane na juyowa. Rabon da in ga fuskarta haka, tun muna 'yan mata.

Ta ba da akwati, ta karɓi takardar shiga, muka rungumi juna a inda 'yan rakiya suke tsayawa. Gilashi ne ya raba mu da wurin bincike, ina hango komai. Ta zare takalmi ba tare da ta sunkuya ba, ta sa a faranti, ta miƙe ta nufi ƙofar kanta a sama.

Ƙofar ta yi ƙara.

Yaya ta tsaya cak. Ma'aikaciyar bincike ta ja ta gefe, ta bi ta da 'yar sandarsu, sandar ta yi kuka daidai ƙirjinta na hagu. Yaya ta sa hannu a aljihun fasfo, ta fito da cokalin. Ma'aikaciyar ta juya shi, ta yi murmushi, ta mayar mata, ta nuna mata hanya ta wuce. Ba wanda ya hana ta. Cokalin shayi ne kawai.

Ta tsaya riƙe da shi, mutane na ratsa ta gefe da gefe. Sai na ga ta ɗauki takalmanta a hannu ta juyo, ta yi magana da wani jami'i, ya buɗe mata igiya. Ta fito inda nake da safa a ƙafa.

Na ce, "Kawo, kawo maza. Na gode Allah da ban tafi ba. Koma, suna kira."

Ba ta miƙo ba. Ta ce, "Auta, da kin riga kin tafi fa? Da yana can zai kwana uku bai ci ba."

"Ai ban tafi ba! Ga ni, ga hannuna."

"In na manta wannan, me kuma na manta? Na gaya miki maganin rana ba a haɗa shi da shayi?"

"Sau goma kin gaya mini. A kantin magani nake aiki, Yaya!"

"Ba ki iya karkata shi ba. Jiya na ga ya ƙware."

Nan raina ya ɓaci, na manta a cikin mutane muke. Na ce, "Ƙarya kike yi, bai ƙware ba. Mutumin nan da hannunsa ya ce ki tafi. Ba shi ya riƙe ki ba, ba cokali ba ne. Tsoro kike ji ki sauka a benen nan ki tarar ana iya rayuwa ba ke. 'Yarki na can ita kaɗai da ciki wata tara, ke kina nan kina mini lissafin shayi!"

Ta kalle ni, idonta ya cika, ba ta musa ba. Ta ce, "Ƙafata ta ƙi, Auta. Wallahi ta ƙi." Muna tsaye aka kira sunanta a lasifika sau biyu. Awa biyu muka yi kafin a fito mana da akwati. Muka koma gida. Da muka shiga, Baban Tilo ya gan ta, ya juya fuskarsa bango, kuma ranar bai ci komai ba, da cokalin da komai.

Tilo ta haihu bayan kwana shida, namiji. Mijinta ne ya kira. Ita kuwa wata guda ba ta ɗauki wayar uwarta ba. Da ta huce, ni ta kira ta ce, "Anti, ko ke ce ki zo."

Takarduna suka ɗauki wata huɗu. Ana saura sati in tafi Yaya ta ce in hawo. Na tarar ta sauke ledar daga bayan ƙofa, tana warware ɗinki da reza. Na ce ai na ninka ta biyu, ba za su shige ni ba. Ta juya rigar ta nuna mini ciki. Layi bakwai ne na ɗinki, ɗaya a bayan ɗaya. Duk ragin da take yi ba ta taɓa yanke yadin ba, naɗe shi take yi ta ciki, wai ko wata rana za ta murmure. Ta warware su duka, ta gwada mini, ta bi ni da mayen ƙarfe daga wuya har ƙasa.

Na je, na yi sati uku, na dawo. Ban ko huta ba na hau matakalar nan da tsaraba. Tana kan keke, bayanta gare ni, ta fara irin tambayoyinta.

"Ƙafarki ta kumbura?"

"Ta kumbura. Takalmin ya ɗauka."

"Sanyi fa?"

"A wuya ya fi kama ni. Ki ƙara wa rigar sama tsawon wuya."

"Ƙofar ta yi ƙara?"

"Ko ƙis."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da taka keke. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Ta gane kayan?"

Tun a jirgi na yi niyyar in ɓoye mata, amma bakina bai taɓa iya ɓoyo ba. Na ce, "Tun daga nesa ta gane su. Ta miƙa wa mijinta yaron, ta sheƙo a guje tana kiran Mama. Sai da ta zo daf ta ga ni ce."

Keken ya tsaya. Daga ɗaki muka ji ƙwanƙwasar ƙarfen gado, sau uku, ta yunwa. Yaya ta shafa aljihunta ta ji cokalin yana nan, ta tashi ta shiga.