Rabon Gogo Hussaina a Ruwan Zobe

Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai da safe a Karofi ya san Gogo Hussaina, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar tsohuwar nan da ba ta yi wa kowa gyara sai ta ga dama, kuma in ka ce ƙosan jiya ya fi na yau daɗi, za ta ce ka koma jiyan ka saya. Yayar babana ce. Ni ce Jamilatu, gidan aurena da gidanmu katanga ɗaya ce tsakani, don haka ni ke surfa mata wake, ni ke kai mata niƙa, ni ke shan faɗanta tun kafin rana ta fito.

Gogo tagwaye ce. 'Yar'uwarta Gogo Hassana tana Rawayau, can ƙasar Kurfi. Kamarsu ɗaya sak, har yau da suka tsufa in suka yi shiru ba ka bambance su. Amma Gogo Hussaina ba ta yin shiru, don haka ba mu taɓa shan wahalar gane ta ba.

A gidanmu ba a yi wa tagwaye abu ƙwaya ɗaya. In zane ne, biyu iri ɗaya. In kwano ne, biyu. Babana ya ce ko duka aka tashi yi wa ɗaya, sai an ɗan tsula wa ɗayar don kada ta ce an ware ta. Mutane na cewa wanda ya fifita ɗaya a kan ɗaya zai kwana da kunama a shimfiɗarsa. Kakanmu malami ne mai makarantar allo, kullum cewa yake camfi ne, a bar faɗa. Amma shi ɗin ma ba a taɓa ganin ya shigo gida da goriba ɗaya ba.

Haka suka tashi, haka aka yi musu aure mako ɗaya, jeren kwano iri ɗaya, gado iri ɗaya. Aka kai Hassana Rawayau, Hussaina ta zauna nan Karofi gidan Malam Sirajuddeen. Daga nan ne aka zo ga abin da ba a saye a kasuwa balle a sayo biyu. Hassana ta haifi namiji, aka sa masa Mutawakkil, daga shi ba ta ƙara ba. Hussaina ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Da a ce biyu Hassana ta haifa, wallahi ranar yaye za a goyo ɗaya a kawo Karofi, ba sai an roƙa ba. To ɗaya ne, kuma ba a raba yaro gida biyu. Da Malam Sirajuddeen ya rasu, Gogo ta gama takaba ta dawo gidan ƙanenta, ta kafa kaskon ƙosai.

Ba ta taɓa buɗe baki ta ce tana kishin ɗan ba. A kan ƙananan abubuwa take fanshewa. Duk wanda ya zo daga Rawayau, kafin ya gama gaisuwa ta tare shi: "Mi ta ɗaura? Wa ya saya mata?" Mutawakkil kuwa, da ya girma ya zama malamin makaranta a Dutsin-Ma, ya san doka. Kowace Sallah atamfa biyu yake sayowa, zane ɗaya, launi ɗaya. Uwarsa yana ce mata Inna, Gogo kuma Inna ta Karofi. Shekara da shekaru bai taɓa kuskure ba, sai bana.

Bayan Babbar Sallah ya ɗauko uwarsa daga Rawayau ta kwana biyu gidansa a Dutsin-Ma. 'Ya'yansa suka matsa sai an kai su dam ɗin Zobe yawon Sallah, kamar yadda kowa ke yi yanzu: a tafi da rana, a ci soyayyen kifi, a shiga kwalekwale, a dawo gida da wuri saboda halin da hanya ke ciki. Sai suka tafi da tsohuwa. Matarsa Lubna ta ɗauki hoto ta sa a waya, duniya ta gani.

Washegari da safe ina zaune kusa da Gogo ina ƙulla yaji, sai ga Batula maƙwabciyarmu da kwanonta, tana dariya tun daga nesa.

"Gogo, ashe ke ma 'yar gayu ce! Kika tafi dam ko ki ce mu zo mu raka ki?"

"Wane dam?"

"Ga ki nan cikin jirgi, har da sabuwar atamfa!"

Ta miƙa mata waya. Batula ba da mugunta ta yi ba, ita dai ta ga fuskar Gogo da atamfar Gogo. Gogo ta riƙe wayar nesa da ido, ta kawo ta kusa, ta sake nesantawa. Ƙosai na cikin mai yana ƙonewa, hayaƙi ya tashi, ba ta ko waiwaya ba. Can ta miƙa wa Batula wayarta ta ce, "Ba ni ba ce." Ta sauke kasko, ta yayyafa wa wuta ruwa, ta shige gida ta bar masu saye tsaye da kwanoni.

Kwanaki Karofi ba ta ga ƙosan Gogo ba. Wannan bai tayar mana da hankali ba, don ta saba fushi ta huce. Abin da ya girgiza gidan shi ne ranar da ta ninke atamfar Sallah, ta sa a leda, ta ba ɗan acaba ta ce ya kai Rawayau ya ce wa Hassana ta haɗa biyun ta ɗaura, tunda yanzu komai nata ne ita kaɗai. Babana da ya ji sai da ya zauna. Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa ganin ɗayarsu ta mayar da rabonta ba, in kuwa aka bari ledar nan ta daɗe a Rawayau, to zumuncin ya yanke ke nan.

Na shiga ɗakinta da ƙarfin gwiwata. Na ce, "Haba Gogo, dam ɗin banza? Gobe Bilya zai ɗauke mu a mashin, in saya miki kifi har ki ture." Bilya mijina ne.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke, an ce miki ruwa ne ban taɓa gani ba? Ina ganinsa tun ana gina shi. Kawo wayar taki." Na nemo hoton na ba ta. Ta dangwala yatsa a kai. "Nan za ki duba."

Na duba. Mutawakkil ne ya riƙe gwiwar hannun uwarsa, yana taimaka mata ta zauna a cikin jirgin.

"Wanga hannun nike so," in ji ta. "Kina da shi?"

Ni da ke surfen wakenta har hannuna ya yi kanta, ni da ke shafa mata man zafi a gwiwa, ni da ke kwana ɗakinta in zazzaɓi ya kama ta, ashe duk ban kai gwiwar hannu ɗaya ba? Wanda ke zuwa sau biyu a shekara da atamfa a leda shi ne ɗa? Na ji kishin Mutawakkil har cikin haƙorana, kuma ban ɓoye ba, na faɗa mata. Ta ce, "To kin ji yadda abin yake." Ko rarrashi babu.

Ranar Juma'a sai ga Gogo Hassana da ɗanta, da ledar atamfa a hannu. Ita mace ce mai sanyi, kuma 'yar da ce ta gaske wajen kunyar ɗan fari. Tun da ta haifi Mutawakkil ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa wasa ba, ba ta zauna tabarma ɗaya da shi ba. "Wancan" take ce masa, ko "yaron nan", ga shi har ya fara furfura a gemu. Ko a hoton ma, in ka lura, ta kawar da fuska gefe.

Ta ce, "Hussaina, wancan ne ya yi kuskure, yara suka ja shi. Ki yi haƙuri."

"Kin shiga jirgin ko ba ki shiga ba?"

"Na shiga."

"Kin ci kifin?"

"Na ci."

"Kin tuna da ni?"

Gogo Hassana ta kawar da kai. Mutawakkil na durƙushe bakin ƙofa, babban mutum da shi, zufa na keto masa. Ya ce duk abin da Inna ta Karofi ke so zai yi. Gogo ta jero sharuɗɗanta kamar ta kwana tana haddace su. Jirgin da aka shiga shi za ta shiga, mai tuƙin da ya tuƙa shi zai tuƙa, irin kifin da aka ci shi za ta ci, a kuma ɗauki hoto a sa a waya duniya ta gani. Sannan Hassana za ta bi su, amma ba za ta shiga ba. A bakin ruwa za ta zauna ta yi kallo, ta ji yadda ake ji.

Washegari da hantsi muka tafi cikin motar da Mutawakkil ya aro. Hayaniyar Sallah ta ragu, amma akwai mutane. Ga 'yan jami'a sun shimfiɗa darduma suna ta hotuna, ga masu suyar kifi da manyan kasake, ga Fulani can gefe suna shayar da shanu. Ruwan ya miƙe har inda ido ya gaji. Aka nemo mai jirgin, wani siririn mutum Maniru, yana ganin Gogo ya washe baki ya ce, "A'a, Hajiya, an dawo ke nan?" Ta harare shi ta ce, "Yau na fara zuwa."

Da ta sa ƙafa ɗaya jirgin ya yi tangaɗi, na ga idonta ya raina fata. Gogo da ke korar ƙartin maza da mataci, ga ta tana salati. Amma ba ta ja da baya ba. Ta miƙa gwiwar hannunta, ta tsaya, sai da Mutawakkil ya riƙe daidai inda ya riƙe ta uwarsa sannan ta shiga.

Ni da Gogo Hassana muka zauna ƙarƙashin wata bishiya da kifinmu a takarda. Ni dai cika nake ina batsewa, ko kifin ban taɓa ba. Jirgi ya yi nisa, kuma murya a kan ruwa tafiya take. Sai muka fara jiyo Gogo.

"Mutawakkil, riƙe ni da kyau!"

"Mutawakkil, wancan tsuntsun mi ne ne?"

"Kai Mutawakkil, ce wa mutumin nan ya bar sauri, ba kora ta ake ba!"

Ta kira sunan nan ya fi a ƙirga, da dalili da babu dalili. Na juyo in ce wa Gogo Hassana ta ji 'yar'uwarta da neman magana, sai na ga ta daina cin kifin. Ta ƙura wa jirgin ido, ta damƙe bakin mayafinta.

"Ji yadda take faɗinsa," ta ce, ba ma da ni take ba. "Kamar ba komai. Ni na ɗauki cikinsa, ni na yi naƙudarsa. Ubansa ya zaɓi sunan nan mai daɗi, kowa na garin ya faɗa, har mai sayar da gishiri. Ni ban san yadda yake a baki ba."

Na ce, "Gogo, kishi kike?"

"Kishi nike, Jamilatu. Tun ranar suna nike kishinta."

Duk tsawon rayuwata ina ganin Gogo Hassana ce aka ba komai.

Da suka dawo, Gogo Hussaina ta fito tana taku ɗai-ɗai, bakin zanenta ya jiƙe, fuska fal murna, ta zo ta ga yadda kallo ya yi wa 'yar'uwarta. Mutawakkil ya wuce wajen mai jirgi. Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana, kuma dama ina da haushin da nake son saukewa, sai na kwashe abin da Gogo Hassana ta ce na faɗa mata tas, har da na ranar suna.

Na zaci za ta yi shewa. Sai ta tsaya tana kallon 'yar'uwarta, murnar na sauka daga fuskarta a hankali. Ta zauna kusa da ita a kan tabarma, ta jawo ledar atamfar da aka zo da ita ta ɗora a cinyarta. Ta ɗauki kifin da aka saya mata ta raba biyu, ta tura wa Gogo Hassana rabi.

"Ashe ke ma rabi aka ba ki," ta ce.

Gogo Hassana ta share ido da bakin mayafi. Suka ci kifin nan tare. Ni ba wadda ta ce in matso, na matso da kaina na ɗauki kan kifin, tunda shi aka bar mini.

Can Gogo Hussaina ta zunguri 'yar'uwarta. "Mi kike son a ce mishi?"

Gogo Hassana ta sunkuyar da kai. Da ƙyar na ji abin da ta ce. "Tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Ki ce ya zo ya ci."

Gogo Hussaina ta kama hannunta ta riƙe, ta ɗaga murya yadda har masu shanu sai da suka waiwayo.

"Mutawakkil!"

Ni ina kallon Gogo Hassana. Ta rufe ido, leɓɓanta na bin sunan a hankali, ba sauti. Da ya juyo ya ce "Na'am, Inna," su biyun suka ɗago kai.