Zanen Inna a tsohuwar kwamfutar Baba

Jiya a Gaya muka kunna tsohuwar kwamfutar Baba, sai ga marigayiya Innarmu tana tankaɗe a tsakar gida. Ashe shi ya zana ta, ɗigo-ɗigo.

Na ce, "Baba, me ya sa babu launi sai a zaninta?"

Ya ce, "Manhajar zane biyu gare ni. Babbar ta fi launuka, amma cinye memori take, komai ya tsaya cak. Sai na koma ƙaramar, na rufe sauran, na bar bango fari. Ɗan wurin da ya rage, ita na ba."

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Wayata ta ninka kwamfutar nan ƙarfi, amma ba hoto irin wannan a cikinta.

Ku fa, wa kuka ba wuri a taku?