Kwalbar Dada a Ɗakin Gwaji

Duk wanda zai rubuta tarihin cin amana a ƙasar nan, in bai sa kwalbar man gyaɗar mahaifiyata a babin farko ba, gara ya ajiye alƙalami ya huta.

A shekarun da kuɗin fetur ya fara shigowa ne, ma'aikata na ta sayen babura, mu kuma muna aji huɗu na sakandare. Aka kawo mana sabon malamin kimiyya, mai farin tabarau da Turanci kamar rediyo. Shi ya koya mana cewa sinadarai masu kabon kashi biyu ne. Wasu ƙwayoyinsu na da kai da gindi kamar batirin tocila, domin oksijin da ke gefe guda ya fi jan wutar wajensa; su ake kira fola. Wasu kuwa kusan kabon da haidirojin ne zalla, sun raba wutar daidai, ko'ina ɗaya. Ruwa mai kai da gindi ne, don haka danginsa kawai yake karɓa. Saura kaɗan in rubuta har tarinsa a littafina.

Ya ce an gina ɗakin gwaji amma an manta da abin gwadawa. Saboda haka kowa ya zo da kwalba daga gida, rabin aji kananzir, rabi man gyaɗa. Sifirit, na wanke ciwo, shi zai kawo.

Dada, wato mahaifiyata, matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli ce sana'arta a Tudun Wada. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai wannan, yanzu ilimin har mai yake sha?" Na yi mata bayanin kai da gindi, na rantse cokali ɗaya za a ɗiba a dawo da saura, domin Malam ya faɗa. Ta ba ni kwalbar da ta fi so, mai toshiyar jan tsumma.

Gwajin ya yi kyau, ba zan zalunce shi ba. Malam ya zuba sifirit a ruwa, ya ɓace, ba a san waye baƙo ba. Kananzir ya hau sama ya zauna. Man Dada ma, duk girgizar da aka yi masa, ya koma ya taru. Da aka zuba shi a kananzir kuwa, suka haɗe kamar 'yan ɗaki ɗaya. Cokali uku aka kashe duka-duka. Sauran kwalaben ya ce za a kulle a kabad don gwaji na biyu.

Kullum na dawo, hannuna Dada ke duba. Mako biyu ina kare Malam, ina ce mata kimiyya ba ta son gaggawa. Da na tambaye shi cikin ladabi, ya ce, "Yaro, mai neman ilimi ba ya bin sawun kwalba."

A mako na uku matarsa ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar makaranta, kan sabon risho mai kananzir. Ga kwalba mai jan tsumma a gefe, man cikinta saura kwata. Nan na gane hikimar raba aji biyu: rabi na ƙarƙashin kasko, rabi na cikinsa.

Na gaya wa Dada. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce in karɓo mata ko kwalbar ce. Daga ranar, in na fara da "Malam ya ce", sai ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari na je gaban kaskon da jawabin da na tsara tun daga gida. Matar ta ɗago ta ce, "Ɗan Malam, na nawa?" Sai na ji bakina ya ce na kwabo biyu.

Ƙosan ya yi daɗi. Man Dada ne.