Daminar da Wayata Ta Kwana a Kwallar Inna

Daminar da maigidana ya koma noman gonarsu ta gado a wajen Gwashi, sai ya kawo ni Gummi wurin Inna, mahaifiyata, domin ina da ciki. Can gonar babu sabis sai mutum ya hau tudu, tudu kuwa ba kullum ake hawansa ba a ƙasar da 'yan bindiga ke giftawa.

Da littattafan soyayya na kasuwa na girma. A cikinsu idan miji ya yi tafiya, matar takan zauna bakin taga da lalle a hannu, kewa tana ƙara mata kyau. Haka na zaci tawa kewar za ta kasance, har turaren wuta na sayo. Amma ni waya na riƙe. Zauren matan unguwa, zauren 'yan makarantarmu, zauren masu karatun labarai, kowanne da abin da yake turowa. A ce an tare hanya, a ce an shiga wani ƙauye, sai bidiyo ya biyo baya. Nakan sa yatsu biyu in buɗe hoton, ina duba rigunan waɗanda ke kwance, ina neman shuɗiyar rigar da na goge masa ranar tafiya. Daga baya wata ta ce tsohon bidiyo ne, wata ta ce ba ma ƙasar nan ba ne. Ni dai na riga na binne mijina na tono shi.

Tuwo ya ƙone a hannuna. Nakan yi sallama ban san raka'a nawa na yi ba. Da na je awon ciki, malamar asibiti ta ce jinina ya hau, in ban kwantar da hankalina ba abin cikina ne zai ji jiki.

Da na dawo na miƙa wa Inna babbar wayar, na ce ta ɓoye, ko na yi kuka kada ta ba ni. Na bar ƙaramar mai tocila saboda kira.

"Kin tabbata?" in ji ta. "Ke da ko banɗaki da ita kika shiga?"

Ta naɗe ta a tsohon ɗankwali, ta sa cikin kwallar jerenta ta can sama.

Na ɗauka sauƙi zai zo nan take. Hannuna ya riƙa lalubar gefen tabarma shi kaɗai. Abin da ya fi muni, na daina karanta waya na koma karanta fuskoki. Kowa a unguwa ya san abin da ban sani ba. In mata biyu suka rage murya a bakin rijiya, sai in ce da ni suke. A wurinmu ba a faɗa wa mace mutuwa kai tsaye. Mata ne kan shigo su zauna, su yi ta gaisuwa, su ce yana jin jiki ne, har ki gane da kanki. Don haka kowace doguwar gaisuwa ta zame mini abin tsoro.

Wata rana da hantsi maƙwabciyarmu ta shigo, ta zauna, ta gaida Inna ta sake gaida ta, tana satar kallona. Na tashi na nufi kwallar.

"Inna, ba ni wayata."

"Ba ni ba ki."

"Don Allah, Inna. Wani abu ya faru."

"Kullum wani abu na faruwa, ɗiyata. In naki na, ba waya za ta kawo miki shi ba, da ƙafa za ya zo har ɗakin ga. Zauna."

Maƙwabciyar ta ce an turo cewa an tare masu babura ta wajen Bukkuyum, yankin da Gwashi take, ba a san ko su wa ba ne, ta zo ta ji ko mun samu labari. Inna ta ce mata, "To kin ji, ba mu samu ba. A gaida gida."

Na zauna. Ban san komai ba, kuma babu hoton da zan buɗe. Na ɗauko faifai na yi ta tsince wake, ina jin abin cikina yana motsi. A hankali na ga ina iya gama aiki ɗaya kafin in fara wani, sallata ta dawo daidai, awo na gaba jinin ya sauka. Tsoron kuwa bai tafi ba, ya dai daina ihu.

Da gero ya nuna, wani mai kayan gwari ya yi sallama da ƙunshin tumu, ya ce maigidana ne ya aiko, domin a gidan su maigidan ba a fara cin sabon gero sai matar gida ta ɗanɗana. Inna ta gasa mini. Ina murzawa na ga ya fara bushewa, an kwana biyu da yanko shi. Tumun ya shaida mini mijina yana raye ranar da ya yanka, na yau kuma bai sani ba.

Inna ta ce, "In sauko miki da wayar?"

Na ce ta bar ta sai maigida ya dawo. Na ci gaba da ci, hawaye na zuba a kan faifan.