Rakiyar Ɗan Direba

Duk ɗan Arewan da ya zauna London a shekarun da man fetur ya buɗe, lokacin da gwamnati ke kwaso ɗalibai jirgi-jirgi tana zubewa, ya san Malam Almu na tashar Marylebone. Shi ne dogon mutumin nan mai karɓar tikiti a ƙofar fita, mai ɗan fari a idon hagu. Aikin da yake ci da shi ke nan. Amma aikin da aka fi saninsa da shi ba mai biyansa ko kwabo. Idan aka yi rasuwa a gida, shi ake fara aika wa, shi kuma ya taka da ƙafarsa ya je ya gaya wa mai ita.

Asalinsa ɗan reluwe ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana fayaman a Kafanchan, wato mai zuba kwal a wutar kan jirgi, a ƙarƙashin wani direba Kirista, Ifraimu. Zaman jiran hannu, wato alamar ba jirgi hanya, a ƙananan tashoshi ya sa suka yi musaya: Direba ya koya masa boko, shi kuma ya koya wa Direba ajami. A 1961 aka turo Almu Ingila koyon tuƙin injin dizal. Sai gwajin ido ya kayar da shi, saboda wani tartsatsin kwal da ya taɓa faɗa masa. Kunya ta hana shi komawa. Direba ya yi ta aiko wasiƙa, shekara da shekaru, magana ɗaya: "Da ido ko ba ido, ka dawo gida." Almu kullum sai ya amsa da cewa baɗi.

A shekararsa ta uku mahaifiyarsa ta rasu. Baturiyar da yake haya a gidanta ce ta miƙa masa tangaraho, wato takardar saƙon gaggawa, a gindin bene, yana shirin fita aiki. A tsaye ya karanta. Matar ta ce masa sori, sannan ta roƙe shi ya ja ƙofa don sanyi na shigowa. Wallahi haka ya wuce tasha, ya yi awa takwas yana karɓar tikiti yana yi wa mutane godiya. Tun daga ranar ya yi rantsuwa, muddin yana garin nan, ba ɗan gida da zai sake jin mutuwa a takarda.

Ƙa'idojinsa kaɗan ne, amma ba ya sassauta ko ɗaya. Ba a faɗa a waya, ba a faɗa a hanya, ba a faɗa wa mutum yana tsaye. Sai ya zauna, ya sha ruwa, da nasa a kusa da shi. Don kada fuskarsa ta zama abin faɗuwar gaba, duk ranar hutunsa sai ya bi ɗakunan mutane yana gaisuwa haka kawai, daga Bloomsbury har tsallaken kogi. Ya sha shayi, ya yi wa ɗalibai faɗan askin da ba sa yi, ya tafi. In an ce ya cika yawo, ya ce zumunta a ƙafa take.

Wata Litinin cikin watan Maris na 1975, yana bakin aiki, aka kawo masa tangaraho daga Kafanchan. Direba Ifraimu ya rasu, za a jira 'ya'yansa zuwa Asabar kafin a binne shi. Shi dai Almu takarda ce rabonsa, kuma wannan ma a tsaye ya karanta ta.

'Ya'yan Direba biyu ne a London. Babbar, Dinatu, nas ce, tana zaune a Peckham. Ita ya fara samu, ya zaunar da ita, ya gaya mata. Da kuka ya ɗan lafa, aka samar musu kujera biyu a jirgin Kano na ranar Alhamis. Matsalar ƙanenta ce, Katung, mai karatun injiniya. Ya bi 'yan ajinsu can arewacin Scotland, wani gari Aviemore, wasan zamiya a kan ƙanƙara, sai Lahadi zai dawo. Dinatu ta kai hannu ga wayar tarho. Almu ya dafe ta.

"'Yata, yana jin muryarki ya gama sani. Sannan ya yi awa goma a jirgi shi kaɗai, ba mai ce masa sannu da harshensa. Ni zan je in taho da shi."

Ranar Laraba da safe ya same shi a masaukin ɗaliban, leɓe duk ya tsage don sanyi, yana ta ƙyaƙyata dariya da abokansa.

"Baba Almu! Me ya kawo ka ƙarshen duniya?"

"Fas ɗina na shiga jirgi kyauta ne zai ruɓe ban ga dutsen nan naku ba. Kuma Dinatu za ta leƙa gida gobe. Jikin Direba ne ya motsa, ta ce lallai sai ta gan ka."

"Ƙafar nan ce kuma?"

"Ka san tsufa," in ji Almu. "Ɗauko jakarka, jirgi ba ya jiran ɗan direba."

Suka samu kujeru suna fuskantar juna, gefen taga. Awa goma ke gabansu, kuma aikin Almu ɗaya ne, ya kai yaron nan ɗakin yayarsa bai sani ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to ranar Almu ya san nauyin maganar. Dabararsa ita ce kada hira ta yanke, don shiru shi ke kawo tambaya.

"To, ba ni labari. Mene ne daɗin abin?"

Ai kuwa kamar ya buɗe famfo. Katung ya ce wasu dogayen katakai ake ɗaura maka a ƙafa, a ba ka sanda biyu. Kujera ce a rataye jikin waya take ɗaukar ka zuwa ƙololuwa, ƙafarka na reto, iska na neman cire maka kunne. Ranar farko ya faɗi har ya daina jin kunya. Wata 'yar yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba ta zo ta wuce shi fiu, har da waiwaye. Ya ce su 'yan garin ma raina ƙanƙararsu suke yi, wai rabi dutse ce rabi ciyawa, ta gaske tana Austria. Amma jiya ya sauko tun daga sama har ƙasa bai faɗi ba.

"Ikon Allah," in ji Almu. "Ni da ubanka ƙuruciyarmu kaf a kan hana zamiya ta ƙare. Ku kuma har biya kuke yi ku zame."

Katung ya yi dariya har da buga cinya. Daidai lokacin jirgin na hawan wani dogon tudu tsakanin duwatsu farare fat, injin na nishi. Almu ya ba shi labarin hawan tudun Kagoro da damina, yadda ƙafafun jirgi ke juyawa a banza a kan jiƙaƙƙen dogo. Sai Direba ya saki yashi don ƙafafun su kama, in bututun yashin ya toshe, Almu ya dira da bokiti yana watsawa da hannu, ruwa na dukansa. Direba na leƙowa yana ihu, "Fayaman, riƙe mini shi, kada ya zame!" Almu ya ji ya kusa cewa "Allah ya ji ƙansa," ya haɗiye da ƙyar, ya mayar da ita tari.

Bayan Perth suka ci burodi da dafaffen ƙwai. Hira ta gangaro kan abubuwan yau da kullum: tsadar doya a kasuwar Brixton, hitar kananzir da ke sa riga wari, maƙwabcin Katung da ke soya naman alade a kicin ɗinsu da sassafe. Katung ya ce wasiƙun gida duk labari ɗaya ne, kowa ya sayi babur, kowa ya sayi rediyo, jirgin ƙasa kuwa an bar wa masu buhuna.

"Babanmu ya ce shi injin dizal ba ya burge shi, wai ba shi da numfashi." Ya buɗe jaka ya fito da wata hular ulu mai toka-toka. "Ka ga abin da na saya masa. Sanyin Disamba yana damunsa yanzu. Za ta shige shi kuwa?"

Almu ya karɓa ya jujjuya. "Za ta shige shi."

"In na gama karatu sai na kawo shi ya hau jirgin nan. Ku zauna nan ku biyu, ku yi ta kushe direban."

Nan fa Almu ya miƙe, ya ce zai yi alwala. Ya daɗe a makewayi yana watsa wa fuskarsa ruwa. Da ya dawo ya yi sallarsa a zaune, Katung ya lura idonsa ya yi ja. Almu ya ce tsohon ciwon nan ne, ba ya son iskar jirgi.

Can wajen Carlisle Katung ya zaro wani kati mai hoton dutsen da ya sauko. Ya cika rabin bayansa da rubutu, ya ce Dinatu za ta kai wa mahaifinsu hannu da hannu. Sai ya tura wa Almu katin da biro.

"Baba, sa masa layi biyu. Ya fi jin daɗin naka a kan nawa."

Kai, duniya! Almu ya fi shekara goma yana wannan aiki, ba a taɓa sa shi ya rubuta wa mamaci wasiƙa ba. In ya ƙi, ya tona. In ya rubuta gaisuwar ƙarya, da wane ido zai dubi kansa? Ya riƙe biron har jirgi ya wuce gada biyu. Daga nan ya fara daga dama, da ajami, wanda ya san Katung bai iya ba.

"Ku da asirinku," in ji Katung, ya mayar da katin aljihu.

A Crewe jirgi ya tsaya ya ɗan jima. Katung ya hango ɗakin waya a kan dandamali, ya zabura. "Bari in kira Yaya in ce mun kusa."

Almu bai san lokacin da ya cafke masa wuyan hannu ba. Riƙon ya yi ƙarfi, irin na mai shebur.

"Ɗan reluwe ba ya sauka a tashar da ba tasa ba. Zauna."

Katung ya dubi hannun, ya dubi fuskar dattijon, ya daɗe yana dubanta. Labarin zuciya a tambayi fuska. Almu ya ga leɓen yaron ya motsa, ya san tambayar na bakinsa, ya kuma san in ta fito ba zai iya yi masa ƙarya ba. A zuci yake roƙo, ya Allah ba a nan ba, ba a gaban baƙon nan na gefe mai karanta jarida ba. Jirgi ya ja. Duhu ya fara rufe gonaki. Katung ya koma ya zauna a hankali, ya ɗora hular ulun a gwiwarsa.

"Baba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "sake ba ni labarin hawan Kagoro."

Almu ya sake ba shi, tun daga farko. Da ya ƙare ya ba shi na ranar da saniya ta kwanta musu a dogo, da na buhun citta da ya fashe a tarago kowa ya yi ta atishawa har Jos. Bai bar hirar ta faɗi ba har suka shiga Euston.

Bayan lisha suka sauka daga bas a Peckham. Tun daga matakala Katung ya ga takalma jibge a ƙofar Dinatu, na maza da na mata, har da na 'yan cocinsu da na abokan sallar Almu. Ya tsaya cak. Almu ya kama kafaɗarsa ya shigar da shi, ya zaunar da shi kusa da yayarsa, ya miƙa masa ruwa a kofi. Sai da ya ga ya kurɓa sannan ya yi magana.

"Katung, sai haƙuri. Direba ya riga mu gidan gaskiya, ranar Lahadi da yamma. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa."

Dinatu ta rungume ƙanenta, ɗaki ya ɗauki kuka. Almu ya ja da baya ya jingina da bango kusa da ƙofa, inda ya saba tsayawa in ya gama aikinsa. Ya kawo shi. Yaron ya ji a zaune, cikin nasa.

Da aka ɗan natsa, Katung ya laluba aljihu ya fito da katin. Ya miƙo wa Almu shi.

"Baba, wanda zai karanta ba ya nan. Karanta mini."

Almu ya karɓa, ya matsar da shi kusa da idonsa mai kyau.

"Maigida Direba, ga ɗanka na ɗauko. Ina riƙe da shi, ba zai zame ba. Ka riga ni isa tasha. Ka ce in dawo, na yi ta cewa baɗi. Ka yafe mini. Fayamanka..."

Sunansa ne ya gagare shi. Dogon mutumin nan ya fara sulalewa jikin bango. Sai a lokacin mutanen ɗakin suka tuna ashe shi ma mutuwar tasa ce, kuma tun Litinin ba wanda ya ce masa sannu.

Katung ya tashi daga kujerarsa, ya kamo shi, ya ɗauko kofin da ya rage ruwa a ciki.

"Baba Almu," ya ce, "zauna tukuna. Sha ruwa."